Saukar Da Ban Gani Ba

Talata, 3 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Auta ta sauke jirgi yau ba tare da na taɓa komai ba. An ce saukar ta yi kyau. Mutumin hasumiya ya ce kamar an ajiye ƙwai a faranti. Ubanta, Injiniyanmu mai gyaran jirage, ya fito daga rumfa da sifana a hannu yana tsalle, mutum mai shekara sittin da ciwon gwiwa.

An ce. Ni dai abin da aka ce nake rubutawa.

Shekara goma sha tara ina koyar da tuƙin jirgi a wannan makaranta, kowa ya san halina. Idan na ga ɗalibi ya kusa isa ya tashi shi kaɗai, sai wata rana, muna dab da sauka, in ɗauke hannu daga sitiyari, in ɗora a gwiwa, in rufe ido, in yi gum. Ba na gaya wa kowa ranar. Ɗalibai suna kiran abin "shirun Baba". Gaskiya ba duka nake rufe idon ba, ina leƙe ta ƙasa-ƙasa, ƙafata kuma tana kusa da feda. Wanda ya sauke ni lafiya cikin shirun nan, washegari in sa masa hannu a littafinsa, ya tashi shi kaɗai.

Yau muna ƙafa ɗari biyar, mun miƙe wa titin sauka, na ce mata ta rage mai. Abu na gaba da na sani, muna ƙasa, jirgi yana gangarawa a hankali, Auta tana dariya da hawaye.

"Baba, na ci! Wallahi da na ga ka yi shiru na ce yau ce ranar. Har da langaɓar da kai, don mugunta!"

Na ce, "Kula da gabanki. Ba a gama ba sai an kashe inji."

Ba yau na shirya yi mata shirun ba. Sati mai zuwa na shirya.

Talata, bayan la'asar

Ta kawo littafinta ofis, ta buɗe min shafin, har da miƙo biro. Akwai layin da malami yake rubutawa: na ga tashinta da saukarta, na yarda ta isa ta tashi ita kaɗai. Na ce kaina yana ciwo, ta bari sai gobe.

Ban sa hannu ba.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe tara na safe

Dokar tana nan rataye a bangon ofis cikin gilashi, ni na buga mata ƙusa da hannuna. Babu mai koyar da tuƙi a sama sai mai takarda uku, dukansu da rai: lasisin tuƙi, shaidar koyarwa, takardar lafiya. Kullum ina ce wa sababbin ɗalibai duwatsun murhu ne, ka zare ɗaya tukunya ta kife. Suna dariya, ni ma ina jin daɗin kaina.

Nawa duka uku suna da rai. Takardar lafiyata saura mata wata biyar.

Amma a ƙasa akwai wani layi da ƙananan haruffa, wanda ban cika karanta wa ɗalibai ba. Duk wanda ya san lafiyarsa ta ragu, ya ajiye takardunsa nan take, har sai likitan hukuma ya duba shi. Yau na karanta shi sau huɗu, a tsaye, shayi yana hucewa a hannuna.

Ban karya kumallo ba jiya da safe. Rana kuma ta yi zafi. Kowa yana iya yin haka.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Bari in rubuta yadda abin yake, don kada in ce wa kaina son kai ne kawai.

Mu uku ne malamai. Gajere, shugaban koyarwa, wanda ni na koya masa tuƙi tun yana amai a leda, ya tafi sabunta takardunsa, sai ranar 23 zai dawo. Mai-Gilashi shaidarsa sabuwa ce, doka ba ta ba shi ikon sallamar ɗalibi ya tashi shi kaɗai ba, kuma ko koyarwar ma sai da babban malami a fili yana kula da shi. Babban malamin nan ni ne. Idan na ajiye takarduna yau, jirage biyu za su kwanta, ɗalibai tara su zauna suna kallon bango sati uku.

To ga dalili, mai kyau kuwa. Na ji sanyi da na gama rubuta shi, na minti biyar.

Alhamis, 5 ga wata, da safe

Iska. Ba a tashi ba. Ban taɓa gode wa Allah don iska ba sai yau.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na tashi da ita. Minti hamsin.

Na ce mata saukar Talata sa'a ce, ina so in ga guda uku a jere. Ta turo baki amma ta shiga. Na karya da burodi da ƙwai har sai da maman yara ta tambaye ni ko tafiya zan yi. Na sha ruwa gora guda.

Ba abin da ya faru. Ba abin da ya faru, na ce.

Sai dai ban san yadda ta yi tuƙin ba. Minti hamsin ina sauraron kaina. Wannan ɗan nauyin a bayan ido, shi ne? Wannan ƙarar a kunne, ta inji ce ko tawa? Ta yi min tambaya kan iska sau biyu kafin na ji. Da muka sauka rigata ta jiƙe sharkaf, na ce fanka ce ba ta aiki.

Injiniya yana jiranmu a bakin rumfa. Shekara ashirin da biyu muna tare da mutumin nan, tun a wani kamfanin. Ranar da aka haifi Auta ni na kai matarsa asibiti a motata, shi yana ƙarƙashin jirgi. Da yarinyar ta ce tuƙi take so, cewa ya yi, "In dai Kyaftin ne zai zauna kusa da ita, na yarda. In ba shi ba, ta je ta karanta aikin jinya."

Ya ce, "Yaya, Kyaftin, ɗiyar taka ta isa?"

Na ce, "Ta kusa."

Na sa hannu a kan minti hamsin ɗin. A kan ɗaya layin ban sa ba.

Lahadi, 8 ga wata, bayan azahar

A banɗaki. Ina wanke fuska, sai na tsinci kaina zaune a ƙasa, bayana a jikin ƙofa, famfo yana ta zuba. Ban san tsawon lokacin ba. Ruwan dai ya cika bokiti ya fara malala.

Na karya yau. Ba rana a banɗaki.

Maman yara ta ƙwanƙwasa. "Malam, lafiya? Ruwa har tsakar gida."

Na ce sabulu ne ya faɗi.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na yi abin da ban taɓa yi ba.

An rubuta ni da Auta ƙarfe takwas. Na shiga jirgin ni kaɗai, na tayar da inji, na saurara kamar mai hankali, na kashe. Na ɗauki littafin gyara na rubuta cewa inji yana sarƙewa idan an ƙara mai. Da zarar matuƙi ya rubuta haka, jirgi ba ya tashi sai injiniya ya nemo ciwon ya sa hannu. Ɗaya jirgin kuma Mai-Gilashi yana da shi duk satin.

Lafiyar injin nan ƙalau. Ya fi ni lafiya.

Talata, 10 ga wata, da yamma

Injiniya ya kwance rabin injin. Fulogi takwas a jere kan tsumma, kamar haƙoran da aka cire. Tun safe yake durƙushe a kan gwiwar nan tasa.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na leƙa rumfa, na ce masa wataƙila kunnena ne, ya mayar da kayan kawai.

Ya ɗago, baƙin mai har goshi. "Kunnenka? Haba Kyaftin. Shekara ashirin da biyu ban taɓa jin ka ce inji yana da ciwo an duba ba a samu ba. In ka ji, to akwai shi. 'Yata ce za ta hau abin nan ita kaɗai. Ko zan kwana uku a nan sai na gano shi."

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro. Na ce Allah ya taimaka, na fita.

A gida na yi wa maman yara tsawa don ta matsar min da takalmi.

Juma'a, 13 ga wata, da safe

Gajere ya bugo waya. "Malam, me ake jira da Auta? Mai-Gilashi ya ce ta cinye shirun Baba tun sati guda. Ko tsufa ya sa ka fara rowar sa hannu?"

Na ce, "Kai da ka yi sati shida kafin ka daina sauke jirgi kamar buhun siminti, kai ne za ka koya min?"

Ya yi dariya. Ni ma na yi.

Ban sa hannu ba.

Asabar, 14 ga wata, bayan la'asar

Maman yara ta karɓe makullin mota. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ajiye min abinci, ta zauna a gefen gado tana ninke kayan da ta riga ta ninke.

"Ranar Lahadi ba sabulu ba ne ya faɗi," ta ce. "Na ji ƙarar. Sabulu ba ya da nauyin haka."

Na ce gajiya ce.

"To. Ni ban san dokokinku ba, Malam. Amma in ka faɗi a banɗaki, ni ce zan fasa ƙofa. In ka faɗi can, wa zai fasa?"

Na ce mata ta bar ni in ci abinci. Ban ci ba.

Shekara talatin da huɗu ina sama. Ban iya komai ba sai wannan. Ko ƙwan fitila ita ke canjawa a gidan nan. In likita ya karɓe takardar, a shekaruna ba a cika mayarwa ba, na ga yadda aka yi da wasu. Suna zuwa fili wata biyu, uku, suna shan shayi suna ba da labari, daga nan sai a daina ganinsu. Ina tsoro. Ga shi na rubuta.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Injiniya ya haɗa injin. Ya canja fulogi duka da wayoyinsu, ya gwada sau biyar, ya sa hannu. Ya ce bai ga komai ba kuma abin ya hana shi sukuni.

An rubuta mu gobe ƙarfe takwas. Sauka uku, in fita, ta tashi ita kaɗai. Minti ashirin kacal zan yi a sama. Waccan Asabar na yi hamsin ba abin da ya faru.

Minti ashirin.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe uku na rana

Zan rubuta shi yadda ya faru, ko da hannun ba ya so.

Mun shiga. Ta bi takardar dubawa layi-layi, da murya, yadda na koya mata. Ta tayar da inji. Injiniya ya zare katakon taya ya ɗaga mana babban yatsa, sannan ya zagayo ta gefena ya bubbuga gilashi sau biyu. Haka yake yi min tun da can, ma'anarsa na ba ka jirgi lafiya, ka dawo min da shi lafiya.

Mun gangara har bakin titi. Hasumiya ta ce mu jira. Auta ta juyo, idonta yana ƙyalli.

"Baba, yau ma za ka yi min shirun? Don Allah ka yi. Ka san me ya sa ban ji tsoro ba ranar nan? Na san kana leƙe. Kowa ya san kana leƙe. Na ce ko na yi kuskure Baba yana nan."

Hasumiya ta ce an ba mu titi.

Hannunta yana kan sandar ƙara mai. Na ɗora nawa a kai.

Na ce, "Gaya musu za mu koma."

"Injin ne kuma?"

"Ba inji ba ne. Gaya musu."

Ta mayar da mu bakin rumfa, ta kashe. Farfela ta tsaya. Ban jira na cire bel ba, don na san in na fita ba zan faɗa ba. Na ce mata waccan Talatar ba na leƙe. Ba na nan sam. Daga ƙafa ɗari biyar har ƙasa ita kaɗai ce a jirgin nan, da wani tsoho a sume a gefenta.

Ta cire hannunta daga sitiyari. Sannan a hankali ta ce, "Ranar Asabar fa? Ka sani, ka sake hawa da ni?"

Na ce na sani.

Injiniya ya riga ya buɗe ƙofata, yana tambaya ko sarƙewar ce ta dawo. Auta ce ta gaya masa, ni na kasa. Ya saurara har ƙarshe. Ya dubi jirgin, ya dube ni.

"Kwana shida ina neman ciwo a inji," ya ce.

Ya kama hannun 'yarsa ya sauko da ita kamar ƙaramar yarinya, suka shige rumfa.

Laraba, 18 ga wata, da rana

Likitan hukuma. Maman yara ce ta tuƙa ni. Ya yi tambayoyi, ya rubuta, ya aika ni gwaje-gwaje masu sunaye dogaye. Ya ce sai sakamako ya fito. Na ce yaushe zan koma sama? Ya cire tabarau yana gogewa, ya ce mu bi abin a hankali, Kyaftin.

Takardar tana cikin aljihun teburinsa. Na ji ƙarar rufewarsa.

Alhamis, 19 ga wata

Jirage biyu a rufe da tamfol. Ɗalibai tara. Ba wanda ya ce min komai, gaisuwa ma har da rusunawa. Da sun zage ni da ya fi min sauƙi.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Gajere ya dawo. Ya rufe ƙofar ofis, ya ajiye littafin Auta a tsakaninmu. Bai iya kallon idona ba, shi da ba laifinsa.

"Malam, tashin Talata yana nan, don lokacin da kuka tashi ba ka san da ciwon ba. Amma na Asabar..."

Na ce, "Faɗi. Ni na koya maka."

"Ranar Asabar ba malami a jirgin. A doka haka yake. Minti hamsin ɗin ba za su shiga lissafinta ba. Darussan Mai-Gilashi na kwanakin nan ma sai na tambayi hukuma matsayinsu, tunda kai ne mai kula da shi. Kuma dole in rubuta musu rahoto."

Ya miƙo jan biro. Doka ta ce wanda ya sa hannu shi zai soke. Na ɗora rula, na ja layi a kan sunana, miƙaƙƙe, na rubuta dalili a gefe. Ban taɓa jan layi mai kyau irin wannan ba.

Ya ce ajin ƙasa yana nan, darasin yanayi da na taswira ba sa bukatar takardar lafiya. Na ce zan yi tunani. Ya ce, "Ba roƙonka nake ba, Malam, na riga na rubuta ka ranar Litinin mai zuwa." Yaron da yake amai a leda.

Laraba, 25 ga wata, da yamma

Auta ta tashi da Gajere jiya da yau. Ta gaishe ni a baranda, "Ina wuni, Kyaftin." Ba Baba ba.

Injiniya in ya hango ni sai ya sami abin dubawa a ƙarƙashin fiffike. Kwana takwas ke nan.

Asabar, 28 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Gajere ya sa mata hannu da safe.

Ban shiga fili ba. Na tsaya bayan shingen waya, wajen da iyaye suke tsayawa, na sami wani benci na zauna. Na ga Gajere ya fito daga jirgin ya rufe ƙofa, ya bar kujerar dama ba kowa. Kujerata. Na ga jirgin ya gangara, ya tsaya, ya ruga, ya ɗaga. Ba nauyin mutum na biyu, sai ya hau da sauri kamar an sake shi.

Ban ji zuwan Injiniya ba sai da bencin ya motsa. Ya zauna a ɗaya ƙarshen, yana murza tsumma a hannu. Bai gaishe ni ba. Muka bi ta da ido ta zagaya, ta juyo, ta miƙe wa titi. Ƙafa ɗari biyar. Na ji bakina yana cewa rage mai, rage mai, yauwa.

Ban san na yi ba. Shekara goma sha tara jiki ya saba. Hannuwana sun koma kan gwiwa, idona ya rufe.

Sai na ji an damƙi kafaɗata, da ƙarfi, har da zafi.

"Buɗe idonka, Kyaftin," in ji Injiniya. "Waccan ba ka gani ba. Wannan sai ka gani."

Na buɗe. Ta ɗan yi sama da yadda nake so, iska ta tura ta hagu, ta gyara da kanta. Tayoyin baya suka taɓa, na gaba ya biyo a hankali.

Bai sake kafaɗata ba sai da farfela ta tsaya. Sannan ya tashi ya tafi wajenta da ɗingishinsa, bai waiwayo ba. Akwai shatin yatsu biyar na baƙin mai a farar rigata. Maman yara ta ce in kawo ta jiƙa, na ce ta bari tukuna.

Ba littafin da zan rubuta wannan a ciki sai nan, kuma ba hukumar da za ta karɓa. Na ga tashinta. Na ga saukarta. Ta isa.